Yadda Ake Koya wa Kwikwiyo Wurin Yin Kashi da Fitsari a Gida

Yawancin masu zuwa wurina neman kwikwiyo a nan Birnin Kebbi gadin gida ko na garke ne yake kawo su, kuma tambayarsu ta farko ba ta wuce yaushe zai fara haushi. Da wuya a yi mako biyu ba su dawo da wata tambayar ba, wannan karon fuska a murtuke: kwikwiyo ya mayar da tsakar gida masai, ya ɓata gindin randa, ya jiƙa tabarmar da ake salla a kanta, uwargida kuma ta rantse ko ita ko shi. Na daɗe ina kiwon karnuka, na gadi da na farauta, kuma abin da na gani shi ne kwikwiyon da ya ɓata gida ba taurin kai yake yi ba, rashin wanda zai kai shi wurin da ya dace a lokacin da ya dace ne. Aikin na mai kare ne, kuma kusan dukkansa lura da lokaci ne.

A wurinmu maganar ta wuce ƙyama. Ko da yake a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, fitsarinsa da kashinsa najasa ne, ga shi kuma a tsakar gida ake alwala, ake shanya hatsi, yara suke rarrafe. Tun da karnukanmu ba sa shiga ɗaki, abin da ake nema shi ne kare ya san lungu guda ɗaya a cikin gidan, ya riƙa zuwa can da ƙafarsa ba tare da an kora shi ba.

Kayan da za ka tanada kafin ka ɗauko shi

Abu na farko shi ne keji, na waya ko na katako, wanda kowane mai walda ko kafinta zai iya haɗa maka. Girmansa shi ne abin lura: ya ishi kwikwiyon ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu, kada ya wuce haka. Mutane da yawa suna sa a yi musu ƙaton keji don wai kare zai girma, sai kwikwiyon ya raba shi biyu, ya kwana a gefe ɗaya ya yi kashi a ɗaya gefen. Idan babba ka riga ka yi, ka tsaga shi da falanki, kana matsar da falankin yayin da yake girma. Wanda ba shi da halin yin keji zai iya kewaye wani lungu da bulo, ko ya kifa babban akurkin kaji ya danne shi da dutse. Ko wanne ka zaɓa, a inuwa za ka ajiye shi, ƙarƙashin dogon yaro ko rumfa, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura maki 40, kuma kejin da aka rufa da kwano aka bari a rana kan iya kashe kwikwiyo kafin la'asar.

Sai abin wuya mai laushi wanda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuyan, da igiya marar nauyi mai tsawon kamar mita 2. Sarƙa ba ta kwikwiyo ba ce. Ka ware masa kwano biyu nasa shi kaɗai, na abinci da na ruwa, waɗanda ba za su taɓa komawa madafi ba. Ka nemi rairayi baro biyu, da ƙaramin shebur, da tsintsiya ta musamman, da toka daga murhu, da garin sabulu, da ruwan khal, da tocila saboda fitar dare.

Na ƙarshe shi ne tukwici, wato ɗan abin daɗin da za ka riƙa ba shi idan ya yi daidai. Dafaffiyar hanta da aka yayyanka kamar ƙwayar wake ta fi komai aiki, sai busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, wanda ba ya wuya a ƙasar da take da Argungu da Yauri. Ƙuli-ƙuli marar yaji ma yana yi. Kada ka ba shi tsire ko kilishi, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini.

Abubuwa uku game da halin kare

Kare ba ya son ɓata makwancinsa, kuma wannan ne amfanin keji. Yana komawa inda ya ji warin fitsarinsa, yana kuma sabawa da irin ƙasar da ya fara yi a kanta, ko rairayi ko siminti ko ciyawa. Sannan yana danganta yabo ko faɗa da abin da yake yi a daidai wannan lokacin ne kawai. Abin da ya wuce da minti ɗaya ya riga ya wuce a wurinsa. Ka ƙara da cewa mararsa ƙarama ce. Ƙiyasin da masu kiwo suke amfani da shi shi ne awa ɗaya ga kowane wata na shekarunsa, wato ɗan wata 2 ba zai riƙe fitsari fiye da awa 2 ba idan yana farke, ɗan wata 4 kuma kamar awa 4.

1. Fara da lafiyarsa

Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Wanda aka ɗauke yana ɗan mako 4 ko 5, kamar yadda yara suke yi su kawo shi a kwali, yakan zo da zawo da kukan dare, kuma jikinsa bai kai ga riƙe komai ba. Da ka ɗauko shi ka kai shi asibitin dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki, wanda ake maimaitawa duk mako 2 har ya kai mako 12, sannan duk wata har ya kai wata 6. A yi masa allurar rigakafin cututtukan kwikwiyo, wadda ake farawa tsakanin mako 6 zuwa 8 a maimaita bayan mako 3 ko 4, musamman saboda cutar fabo mai sa amai da zawon jini. Idan ya cika wata 3 a yi masa ta haukan kare, a kuma riƙa sabunta ta duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu yin wannan allurar a ƙasar nan. Dalilin sa wannan a farko shi ne kwikwiyon da cikinsa yake cike da tsutsa ba shi da iko a kan lokacin kashinsa, duk horon da ka yi masa aikin banza ne.

2. Zaɓi lungun, kada kuma ka sake shi

Ka zagaya gidan ka nemi wurin da ya yi nisa da rijiya, da madafi, da wurin alwala, da inda ake shanya, da inda yara suke wasa. Kada ya zama kwari inda ruwa yake kwanciya da damina, kada kuma ya zama a bakin kwata, in ba haka ba ruwan sama na farko zai kwashe ƙazantar ya kai ta ƙofar maƙwabci. Bayan makewayi ko ƙarshen garka ya fi dacewa a yawancin gidaje. Ka jera bulo ka kewaye fili kamar taku biyu kowane gefe, ka zuba rairayi mai kaurin tafin hannu. Idan wurin ba shi da inuwa ka kafa 'yar rumfar zana, domin rairayin tsakar rana da bazara yana ƙona tafin ƙafar kwikwiyo, kuma idan ya ƙone sau ɗaya ba zai so komawa ba. Ka ɗora bayan hannunka a kan rairayin. Abin da hannunka bai jure ba, ƙafarsa ma ba za ta jure ba.

Gidan da aka shafe da siminti gaba ɗaya, a yi akwatin katako marar zurfi a cika shi da rairayi, a riƙa sauya rairayin akai-akai.

Ranar da ka kawo shi, kafin yara su rufe shi da ɗauka, ka wuce da shi kai tsaye zuwa wannan lungun ka sauke shi. Bayan wahalar hanya yawanci yakan tsuguna nan take, kuma wannan fitsarin na farko shi ne alamar da zai riƙa bi.

3. Tsayar da lokacin abinci

Abin da ya shiga a kan lokaci yana fita a kan lokaci. Ɗan wata 2 zuwa 3 yana cin abinci sau 4 a rana, daga wata 3 zuwa 6 sau 3, bayan nan sau 2. Ni da lokutan salla nake aunawa, saboda ba mai mantawa da su a gida: bayan an dawo daga asuba, da hantsi, bayan azahar, sai na ƙarshe kafin magariba. Ka ajiye kwanon minti 15, ka ɗauke ko ya cinye ko bai cinye ba.

Wahalar wannan matakin ba daga karen take ba, daga mutanen gida take. Yaro zai jefa masa loma, mai wanke-wanke za ta juye masa ragowar miya, almajirin gida zai raba masa nasa. Ka tara su ka gaya musu cewa mutum ɗaya ne yake ba shi abinci, duk wanda yake da ƙanzo ko ragowar tuwo ya tara a kwano guda har lokaci ya yi. Ka guji ba shi madara ko nono da yawa domin suna sa yawancin kwikwiyoyi zawo, haka nan dusa zalla tana cika ciki ta yawaita kashi ba tare da ta gina jiki ba. Tuwo ko shinkafa da aka haɗa da kifi, ko ƙwai dafaffe, ko romon nama marar yaji, sun fi.

Game da ruwa, za ka ji ana cewa a ɗauke shi da dare. Da hunturu ana iya ɗauke kwanon bayan isha'i, amma da bazara ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Gara ka tashi sau ɗaya a ƙari da ka wayi gari da kwikwiyon da ƙishirwa ta galabaitar.

4. Kai shi lungun, kuma ka tsaya tare da shi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan mutane suke gajiya. Akwai lokutan da babu makawa sai ya yi: da zarar ya farka daga barci, ko na dare ko na rana, cikin minti 5 zuwa 30 bayan cin abinci, bayan ya sha ruwa da yawa, bayan wasa ko guje-guje, da kuma kafin a rufe shi da dare. Ban da waɗannan, a makonnin farko ka kai shi duk awa ɗaya ko biyu. Ka sa ƙararrawa a wayarka, kada ka dogara da tunawa.

Da safe ka ɗauke shi a hannu daga keji zuwa lungun, domin idan ka bar shi ya taka, a hanya zai saki. Sauran lokuta ka ja shi a hankali da igiya, kullum ta hanya guda, don ƙafarsa ta san hanyar. Idan kun isa ka tsaya cik. Kada ka yi masa wasa, kada ka yi ta magana, ka bar shi ya sunsuna. Daidai lokacin da ya tsuguna ka faɗi wata kalma guda a hankali, wadda za ta zama alamarsa. Ka zaɓi wadda ba a yawan faɗa a gida. Na taɓa amfani da "maza", ban yi tunanin cewa uwar yara tana faɗar ta sau hamsin a yini ba, har kalmar ta zama ba ta nufin komai a kunnen karen. Yanzu ɗan gajeren fito nake yi sau biyu.

Yana gamawa, kafin ya ɗaga ƙafa ya bar rairayin, ka yabe shi da murya mai daɗi ka sa masa tukwici a baki. Ka riƙe tukwicin a aljihu tun kafin ku fito. Wanda ya bari sai an koma tsakar gida sannan ya je ya ɗauko, ya saka wa karen ne a kan dawowa, kuma ba da jimawa ba zai ga yana gaggawar juyowa bai gama ba. Bayan tukwicin ka ba shi 'yan mintoci na wasa a sake, don kada ya ɗauka cewa yin kashi shi ne abin da yake jawo a mayar da shi keji. Kwikwiyo mai wayo yakan fara jan lokaci idan ya gane haka.

Idan kun yi minti 5 bai yi komai ba, kada ka sake shi a tsakar gida da zaton ba ya ji. Ka mayar da shi keji, bayan minti 15 ka sake gwadawa. Ka ɗan riƙa rubuta lokutan da ya yi a kwanaki ukun farko. Za ka ga suna maimaita kansu, daga nan sai ka daina kai shi a banza.

5. Idan ba ya keji, idonka yana kansa

A watan farko kwikwiyo yana ɗaya daga wurare uku ne: cikin keji, ko a lungunsa, ko a gaban wanda yake kallonsa. Idan kana zaune a tsakar gida ka ɗaura igiyarsa a ƙafar kujerarka. Alamomin ba su da wuyar ganewa: zai bar wasa farat ɗaya, ya kafa hanci a ƙasa, ya fara kewaye wuri guda, ko ya sulale zuwa bayan wani abu. Kana ganin haka ka sure shi. Sai dai keji ba kurkuku ba ne. Kada ka rufe shi fiye da abin da mararsa za ta iya ɗauka, domin idan dole ta sa ya ɓata makwancinsa sau da yawa, ƙyamar da kake dogara da ita za ta fita daga ransa, kuma dawo da ita aiki ne ja.

Wanda yake fita aiki tun safe kuma ba wanda zai bar wa, ya kewaye keji da lungun rairayin a cikin shinge guda, ya bar ƙofar kejin a buɗe, makwanci da ruwa a gefe ɗaya, rairayi a gefe mafi nisa. Wannan hanyar ta fi jinkiri, amma tana kaiwa.

6. Dare

Ɗan wata 2 zai buƙaci fita sau ɗaya ko biyu cikin dare. Ka ajiye kejin inda za ka ji motsinsa, ka kai shi lungun kafin ka kwanta, sannan ka tashi wajen ƙarfe 2. Ka haska tocila ka duba rairayin kafin ka sauke shi, saboda kunama. Ba wasa, ba surutu, yana gamawa a koma. Duk bayan 'yan kwanaki ka ƙara jinkirta tashin da rabin awa, har ya haɗe da kiran assalatu. Yawancinsu sukan kwana ba fita idan sun kai wata 4.

7. Idan ya yi ɓarna

Zai yi, ko da ka bi komai daidai. Idan ka kama shi yana cikin yi, ka tafa hannu sau ɗaya don ya katse, ka ɗauke shi zuwa lungun, idan ya ƙarasa a can ka ba shi tukwicinsa kamar ba abin da ya faru. Idan kuwa bayan ya gama ka tarar, ka kwashe kawai, ka tambayi kanka wane lokaci ka tsallake.

Dukan kare da tsumagiya, ko cusa masa hanci a cikin kashinsa kamar yadda wasu suke yi, ba ya koya masa wuri. Ina da wani baƙin kare da muke kira Duna, wanda tun yana ƙarami wani ƙanena ya ɗauki nauyin horonsa da bulala. Mako guda muka daina ganin ƙazanta a tsakar gida, yaron yana ta alfahari. Sai wari ya fara tashi daga wajen rumbu. Da muka janye buhunan da aka jingina a bayansa, muka tarar da abin da ya tara na kwana bakwai. Abin da bulalar ta koya masa shi ne kada ya yi a gaban mutum, har ya zama idan na kai shi lungun yakan tsaya yana rawar jiki, wutsiya a matse, ya ƙi tsugunawa sai na juya baya. Na yi fiye da wata guda ina gyara abin da aka ɓata a mako ɗaya.

Wankewa kuma sai an yi ta sosai, domin hancin kare yana jin abin da naka ba ya ji. Idan a ƙasa ne, ka kankare wurin da shebur ka kai ƙasar lungunsa, ka cike gurbin da sabuwa. Idan siminti ne, ka tsane fitsarin da rairayi ko toka, ka wanke da garin sabulu, ka ɗauraye, sannan ka zuba ruwan khal da aka gauraya da ruwa daidai wa daida, ka bar shi ya bushe. Kada ka zuba Hypo kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar da ƙirji; sai an ɗauraye wurin tukuna. Magungunan wanke masai masu ƙarfi suna ƙona tafin ƙafa da harshen kwikwiyo, don haka kada ya taka wurin sai ya bushe. Inda ya maimaita ɓarna sau biyu, ka ɗora turmi ko wani abu mai nauyi a kai na ɗan lokaci, ko ka riƙa ajiye masa kwanon abincinsa a nan, tun da ba ya son yi a inda yake ci.

8. Kula da lungun kansa

Ka kwashe kashin kullum, safe da yamma, ka zuba a masai ko ka binne shi da zurfi. A makon farko kaɗai ake barin ɗan kaɗan don wari ya ja shi. Ƙwan tsutsar da ke cikin kashin kare yana ɗaukar makonni kafin ya zama mai kama mutum, kuma yara masu wasa da ƙasa su ne ya fi kamawa, saboda haka kwashewa da wuri kariya ce ga 'ya'yanka. Kada ka haɗa shi da takin da za a kai lambu ko fadama. Ka barbaɗa toka a inda ya jiƙe, ka sauya rairayin sama duk mako biyu, ka wanke hannu da sabulu bayan kowace kwasa. Kare ma yana ƙyamar lungun da ya cika, zai fara yi a gefensa, daga nan ya ƙara matsawa.

9. Sakar masa mara a hankali

Idan ya yi mako uku ko huɗu ba ɓarna, kuma ka ga yana nufar lungun da kansa, ka cire igiyar ka riƙa bin sa a baya. Ka buɗe masa sashe ɗaya na gidan, bayan mako guda ka ƙara wani. Tukwicin ma ka rage shi, yau a ba shi gobe a yabe shi da baki kawai. Yawancin karnuka suna zama abin dogaro tsakanin wata 4 zuwa 6, wasu kuma sai sun kusa shekara. Idan ya koma ɓarna bayan an sauya gida ko ruwan damina ya jiƙa lungun, ka koma mataki na 4 na mako guda.

Wasu suna ganin sakin kare da dare ya fita unguwa ya yi abinsa shi ne mafita. Ni ban ba da wannan shawarar ba: ƙofar maƙwabta yake ɓatawa, a can yake haɗuwa da karnukan da ba a yi wa allura ba, kuma karen da yake yawo a bola ba gadin gidanka yake yi ba.

Babban kare, da abubuwan da ba na horo ba ne

Matakan nan duka suna aiki a kan babban kare, kuma shi yana da sauƙi ta fuska ɗaya, domin yana iya riƙewa na awowi, fita sau 4 ko 5 a rana ta ishe shi. Wanda ya fi wahala shi ne wanda ya tashi a ɗaure a turke, yana ci yana kwana yana kashi a wuri guda. Irin wannan keji ba ya yi masa aiki da farko. Ka riƙa zama da shi da igiya, ka tsabtace makwancinsa tas, ka yi ta kai shi lungun har ƙyamar ta dawo masa.

Namiji idan ya kai wata 6 zuwa sama yakan fara ɗaga ƙafa yana ɗiga fitsari kaɗan-kaɗan a jikin bango, da tayar babur, da buhu. Alamar mallakar wuri yake sawa, kuma abin da yake rage ta shi ne wanke wuraren sosai, da kafa masa guntun icce a tsakiyar lungunsa ya riƙa ɗaga wa ƙafa, da kuma fiɗiya a hannun likitan dabbobi. Akwai kuma kwikwiyon da yake sakin fitsari idan maigida ya dawo ko aka daka masa tsawa, yana kwanciya yana nuna ciki. Wannan tsoro ne ko murna, faɗa kuma ƙara shi yake yi. Ka shigo ba tare da ka kula shi ba, sai ya natsu sannan ka tsuguna ka shafa shi.

Idan ka ga yana tsugunawa akai-akai fitsarin yana fita ɗis-ɗis, ko da jini, ko yana kuka lokacin yi, ko yana shan ruwa fiye da ƙima, ko zawo ya wuce kwana ɗaya, ka dakatar da horon ka kai shi wurin likita. Zawo mai jini da amai a kwikwiyo ba a kwana da shi a gida, a ranar ake kai shi.